Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Firaministan Sifaniya: A Gyara Sashe na 57 Tun Gimbiya Leonor Ba Ta Haihu Ba

Mai girma Firaminista Pedro Sánchez,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu masu bibiyar dokokin gadon sarauta ne a ƙasashen Turai, kuma jimla guda ce a kundin tsarin mulkin ƙasarka na 1978 ta sa muka ɗauki alƙalami. Sashe na 57, sakin layi na farko, ya jera yadda ake gadon karagar Sifaniya, ya ce idan magada suna mataki ɗaya, namiji ke gaba da mace. Ma'anar wannan a aikace ita ce Gimbiya Leonor, wadda aka haifa ranar 31 ga Oktoban 2005, tana jiran gado ne kawai saboda Allah bai ba Sarki Felipe ɗa namiji ba. Da a ce ƙanwarta Sofía, da ta zo a Afrilun 2007, namiji ce, da tuni an ɗauke Leonor daga gaban layi. Shi kansa Sarki Felipe ta wannan ƙofa ya shiga, domin yana da yayye mata biyu, Elena da Cristina.

Ranka ya daɗe, dubi irin nauyin da ƙasa ta riga ta ɗora wa Leonor. Ranar da ta cika shekara 13 ta tsaya a bainar jama'a ta karanta sashe na farko na kundin. Shekara guda bayan haka ta yi jawabinta na farko a bikin ba da kyaututtukan Gimbiyar Asturias a Oviedo. Ranar da ta cika 18, a 2023, ta yi rantsuwar biyayya ga tsarin mulki a gaban majalisun dokokin ƙasar biyu, kamar yadda sashe na 61 ya wajabta. Gwamnatinka ce ta tsara mata horon soja na shekara uku: makarantar sojan ƙasa ta Zaragoza daga Agustan 2023, ta sojan ruwa a Marín a shekarar da ta biyo, har da watanni a kan teku cikin jirgin horo Juan Sebastián de Elcano, sannan ta sojan sama a San Javier. Dalili kuwa sashe na 62 ya ba mai sarauta babban kwamandancin rundunonin ƙasa. An shirya ta ta jagoranci soja, amma takardar da ta rantse a kanta har yau tana kallonta a matsayin wadda aka koma wa don babu namiji. Sashe na 14 na wannan kundi ya haramta nuna bambancin jinsi, kuma tun 2006 doka ta daidaita maza da mata wajen gadon muƙaman manyan gidaje. Karaga kaɗai aka bari.

Mun san abin da ya hana. Gyare-gyaren da aka yi wa kundin a 1992, 2011 da 2024 duk ta sashe na 167 aka bi, inda kashi uku bisa biyar na 'yan majalisa ya wadatar. Batun sarauta kuwa yana ƙarƙashin sashe na 168, hanyar da ba a taɓa takawa ba. Da farko majalisar wakilai da ta dattawa kowace sai ta amince da manufar gyaran da kashi biyu bisa uku, wato ƙuri'a 234 cikin 350 a majalisar wakilai. Da zarar an yi haka, nan take a rushe majalisun a tafi zaɓe. Sabbin majalisu su tabbatar da shawarar, su rubuta sabon nassi, su sake amincewa da kashi biyu bisa uku. Daga nan sai ƙuri'ar raba gardama, wadda dole ce. Gwamnatin tsohon Firaminista Zapatero ta sa batun cikin alkawuranta a 2004, majalisar da ke ba gwamnati shawara kan shari'a ta miƙa rahotonta a 2006, sai aka haifi Sofía, kowa ya sauke ajiyar zuciya, aka bar kaza cikin gashinta.

Lissafin kujeru bai hana ba. A zaɓen Yulin 2023 babbar jam'iyyar adawa ta PP ta samu kujeru 137 a majalisar wakilai, jam'iyyarka ta PSOE ta samu 121, jimilla 258. Rushe majalisa ma ba asara ba ce idan an iya zaɓen lokaci: a kaɗa ƙuri'ar farko a makonnin ƙarshe na wa'adi, lokacin da ko da ma za a watse, kuma wa'adin wannan majalisa a 2027 yake ƙarewa. Inda abin ke iya kwaɓewa shi ne bayan zaɓe, idan manyan jam'iyyun biyu suka fito da ƙasa da 234, ko wadda ta sha kaye ta ƙi ba wadda ta ci hannu. Shi ya sa ya kamata a amince da ainihin kalmomin gyaran a rubuce tun kafin a rushe majalisa, kuma a hana kowa rataya masa wata buƙata ta yanki ko ta jam'iyya.

Babban tsoron, wanda ba a faɗa da ƙarfi, shi ne ƙuri'ar raba gardamar ta rikiɗe ta zama tambayar sarauta ko jamhuriya. Tsoron yana da tushe, tunda jam'iyyu masu neman ɓallewar yankunansu irin su ERC da Bildu ko zuwa rantsuwar gimbiyar ba su yi ba. Amma mai adawa da sarauta zai sha wahalar bayyana wa magoya bayansa dalilin da zai sa su zaɓi fifita namiji. Haɗarin gaske shi ne mutane su ƙi fitowa, a fassara shirunsu da ƙin gidan sarauta. Denmak ta fuskanci irin wannan a Yunin 2009, sai ta haɗa ƙuri'ar da zaɓen majalisar Turai rana ɗaya, gyaran ya wuce.

Wasu ƙasashen Turai sun daɗe da gamawa: Suwidin a 1980, Holan 1983, Norwe 1990, Beljiyam 1991, Birtaniya da dokar 2013. Biyu daga ciki sun cancanci a duba su da kyau. A Suwidin sabuwar doka ta fara aiki ne bayan an haifi Yarima Carl Philip a Mayun 1979, don haka jaririn ya yi watanni bakwai yana mai jiran gado kafin a karɓe a ba yayarsa Victoria, kuma mahaifinsu bai ɓoye cewa abin ya sosa masa rai ba, har bayan shekaru arba'in. Norwe ta kauce wa haka, ta ce gyaran bai shafi waɗanda aka riga aka haifa ba, Yarima Haakon ya ci gaba da zama gaban yayarsa Märtha Louise. Sifaniya ma tana buƙatar irin wannan sharaɗi, a rubuta ƙarara cewa sabon tsari daga zuriyar Sarki Felipe ya fara, don kada wani lauya ya tono maganar Elena.

A yau gyaran ba ya ƙwace komai daga hannun kowa. Ranar da Leonor ta haifi mace sannan ta haifi namiji, magana ta tashi daga nassi ta koma kan yara biyu masu suna da hotuna a jaridu, kuma matakan sashe na 168 sun fi ƙarfin wata tara. Ƙasarka ta san farashin irin wannan gardama: rikicin ko Isabel ta biyu za ta gaji mahaifinta a 1833 shi ya kunna yaƙe-yaƙen basasa da ake kira na Carlista. Muna roƙonka ka gayyaci shugaban PP, ku zauna kan jimlar nan guda, ku sa ranar ƙuri'ar farko kafin wa'adin majalisa ya cika.

Ka huta lafiya.