A bar malaman tarihi su faɗi abin da ke cikin takardun jiragen ruwa

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ka ɗan sam min fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani abu da na lura mutane da yawa sun ɗauke shi wasa, alhali wallahi ba wasa ba ne, wato 'yancin malaman tarihi su faɗi abin da suka gani a takardu, musamman na jiragen ruwa, ba tare da mai mulki ya sa musu baki ba.

Ranar da Donald Trump ya dawo kan mulki, 20 ga Janairun 2025, cikin takardun da ya fara sa wa hannu har da wadda ta canza sunan Tekun Mekziko ya koma Tekun Amurka, alhali tsohon sunan yana kan taswirar duniya sama da shekara 400. Jama'a suka yi ta dariya ana cewa ai rigimar Trump ce kawai, to amma da kamfanin dillancin labarai na AP ya ce shi fa tsohon sunan zai ci gaba da kira sai aka hana 'yan jaridarsa shiga ofishin shugaban ƙasa. Ba a jima ba, a watan Afrilu, aka shiga laburaren makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa da ke Annapolis aka kwashe littattafai 381 daga kan kanta, galibinsu masu magana ne a kan wariyar launin fata da jinsi, sai da aka yi ta surutu sannan aka mayar da akasarinsu. A wannan watan dai gwamnati ta riƙe wa jami'ar Harvard kuɗin bincike sama da dala biliyan 2 saboda ta ƙi yarda a sa mata baki kan wa za ta ɗauka aiki da wane ɗalibi za ta karɓa. Ni a ganina duk abu ɗaya ne, mai mulki ne yake so ya zama shi ke faɗin abin da ya faru da abin da bai faru ba.

Wani zai ce me ya haɗa wannan da teku? Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan da duniya ke saye da sayarwa ta ruwa suke bi, kuma shi teku ba gona ba ne balle a kafa masa shinge, duk ƙasar da za ta ce wannan ruwan nawa ne sai ta nemo tsohuwar taswira ko labarin wani matuƙi da ya taɓa wucewa ta wurin. Dubi Chana. Kusan duk Tekun Kudancin Chana ta zagaye shi da layi mai ɗigo tara ta ce gadonta ne, tushen layin wata taswira ce ta 1947, kuma kullum ana tuna wa duniya tafiye-tafiye bakwai da kwamandan jiragen ruwanta Zheng He ya yi tsakanin 1405 da 1433 har ya kai gaɓar gabashin Afirka. Filifin ta kai ƙara, a 2016 kotun sasanci da ta zauna a Hague ta ce wannan da'awar ta tarihi ba ta da madogara a dokar teku, Chana ta ce ba ta san zancen ba. To ka gaya min Edita, malamin tarihin da ke cin albashi a jami'ar Beijing idan bincikensa ya nuna masa akasin abin da gwamnati ke faɗa, ina zai kai takardarsa?

Kuma abin ba yau aka fara ba. A 1603 'yan Holan suka ƙwace wani katafaren jirgin Fotugal, Santa Catarina, kusa da Singafo, kamfanin kasuwancinsu ya nemi wani matashin masanin shari'a Hugo Grotius ya rubuta musu hujjar da za ta halatta ƙwacen, daga cikin wannan rubutun ne aka buga littafinsa na 1609 mai cewa teku na kowa ne. Ingila ta ga abin zai taɓa kifin ruwanta, a 1635 aka fito da littafin John Selden mai cewa a'a, teku ma ana mallakarsa. Duka biyun malamai ne na gaske ba wanda ya raina iliminsu, amma kowa ya rubuta abin da masu gidansa ke so ne, kuma irin wannan malamin shi gwamnatoci ke nema har gobe.

Inda abin ya fi ci min rai shi ne cinikin bayi. Su masu jiragen nan ba don Allah suka ajiye rubutu ba, don lissafin riba ne da inshora, amma rubutun nan shi ya tona musu asiri. A 1781 ma'aikatan jirgin Zong na 'yan kasuwar Libaful suka jefa 'yan Afirka sama da 130 cikin teku da ransu, masu jirgin suka je suna neman inshora ta biya su asarar kaya, kaya fa! Aka yi shari'a a Landan a 1783 a kan kuɗi, ba a tuhumi kowa da kisan kai ba. Da ba don takardun shari'ar nan ba, da kuma Olaudah Equiano, tsohon bawa da ya sami 'yanci, da ya kai maganar wajen Granville Sharp mai yaƙi da bauta a Ingila, da yanzu wa ya san an yi? Daga baya masana suka bi tashoshin ruwa da ma'ajiyar takardu ƙasa-ƙasa suna tattarawa har aka haɗa bayanin tafiya kusan 36,000, aka ƙiyasta mutum miliyan 12.5 aka loda daga Afirka, wajen miliyan 10.7 suka sauka da rai. Kuma wannan lissafin da gardama aka kai gare shi. Masanin tarihi Philip Curtin ya fitar da nasa a 1969, Joseph Inikori wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya fito a 1976 ya ce adadin ya yi kaɗan ya kawo hujjojinsa, aka yi ta musayar rubutu shekara da shekaru ana gyara, babu ministan da ya kira ɗayansu ya ce ga adadin da gwamnati ta amince da shi. Wannan shi ake nufi da 'yancin malamin jami'a, ba wani abu ba.

Kada wani ya ce mu da muke nesa da teku ina ruwanmu. A Bahiya ta Barazil Hausawan da aka tsallakar da su sun shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814, sannan a tawayen Musulmi na Janairun 1835 wanda Yarabawa suka fi yawa a ciki amma da Hausawa, cikin watan azumi, 'yan sanda sun samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe da gidajen waɗanda aka kama. Masanin tarihi João José Reis ne ya zauna da takardun 'yan sandan nan da na kotu ya fito da sunayen mutanen da sana'o'insu da malamansu. Kakanninmu ne fa waɗannan, kuma saura ƙiris a rasa irin wannan shaidar, don a 1890 ministan kuɗin Barazil Rui Barbosa ya ba da umarnin a ƙone takardun bauta da ke ma'aikatarsa. Ingila ma da za ta bar ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka haka ta yi, wasu fayilolin a ƙone, wasu a zuba a akwati mai nauyi a nutsar a teku mai zurfi, wasu dubbai kuma aka ɓoye su a wata ma'ajiyar gwamnati da ke Hanslope Park a Ingila, sai a 2011 da tsofaffin Kenya suka kai ƙara kan azabar da aka yi musu zamanin tawayen Mau Mau, masana tarihi suka tsaya musu a kotu, sannan gwamnati ta yarda suna nan. A 2013 ta biya mutum 5,228 diyyar kusan fam miliyan 20.

Na san abin da ake cewa, wai gwamnati ce ke biyan albashi don haka tana da ta cewa, kuma malaman ma ai suna da son zuciya suna cusa wa ɗalibai siyasarsu. Eh akwai masu yi, ban musa ba. Amma kuɗin na jama'a ne ba na wanda ke kan kujera ba, shi shekara huɗu ko takwas zai yi ya tafi, kuma idan malami ya yi kuskure wani malamin ne zai ɗauko takarda ya ƙaryata shi a bainar jama'a kamar yadda Inikori ya yi. Mu ma ai mun gani, a 1988 gwamnatin soja ta ɗauke Patrick Wilmot, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, daga Zariya ta fitar da shi daga ƙasar, kuma abin da ya fi korar muni shi ne tsoron da take bari a zukatan waɗanda suka rage, ƙaramin malami mai jiran ƙarin girma ya ga abin da aka yi wa babba sai ya canza batun bincikensa da kansa tun ba a ce masa komai ba, wannan asarar ba mai iya ƙirga ta.

Roƙona gare ka Edita, ka ware shafi ko da sau ɗaya ne a wata ka gayyaci malaman tarihi na jami'o'inmu su rubuta mana da Hausa, su fara da labarin Hausawan Bahiya da abin da ke rubuce a layun nan, kuma idan rubutun ya taɓa wani mai mulki na da ko na yanzu don Allah a buga shi yadda yake, wanda bai yarda ba a ba shi nasa shafin ya kawo hujja.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum.