Godiya ga Baba mai gyaran wuta na Elkhart da yaran shagonsa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka.

Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan godiyar aiki bai bari ba, yau da na samu hutu na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na sauke nauyin nan. Godiya ce ga wani ɗan ƙaramin gareji a gefen garin Elkhart ta jihar Indiana, masu gyaran wutar motocin nan masu ɗaki da kicin a ciki waɗanda Amurkawa ke ce wa RV, musamman dattijon da ke da wurin wanda ni nake kira Baba, da 'yarsa mai riƙe da ofis, da yaran shagonsa guda 2. Su dai na riga na yi musu tawa baki da baki da turanci, wannan da Hausa nake yi saboda mutanenmu da ke nan ƙasar, don na ga 'yan uwa sun fara sha'awar sayen irin motocin nan tsofaffi tunda suna da araha. Sunan shagon kuma Baba ne da kansa ya ce kar in sa, wai aikin da ke jibge a gabansa ya ishe shi har sanyi ya shigo, to na bi maganarsa.

Motar tawa Winnebago Brave ce ta 1976, irin mai kama da akwatin nan da babban harafin W a gefe, ƙirar Forest City ta jihar Iowa, ƙasanta da injinta na Dodge. A hannun wani tsoho na saye ta, kuma gaskiya inji lafiya lau, taya na canza, birki na gyara, har labule uwargida ta ɗinka mata sabo. Abu ɗaya da ban taɓa ɗaga ido na duba ba shi ne baƙar wayar nan mai kauri da ake jawowa daga wata 'yar ƙofa a gefen mota a jona a turken wuta na sansani, wato wurin da masu irin motocin nan ke yada zango su kwana. Ni a tunanina waya ai waya ce, in dai fitila ta kama shi ke nan.

A watan Yuli muka taso daga Chicago da iyali muka sauka a wani sansani, zafi kamar Maiduguri a watan azumi, na jona wuta na kunna AC na rufi, maman yara ta ɗora butar lantarki za ta haɗa shayi. Can sai na fara jin wani ƙauri kamar ana ƙona leda, na zagaya na taɓa filogin wallahi sai da na yarfe hannu. Amma ba wannan ne ya tsorata ni ba. Da asuba maman yara ta fita ta yi alwala a waje, ciyawa duk raɓa kuma ba takalmi a ƙafarta, tana kama hannun ƙofa za ta shigo sai na ji ta saki salati, wai mota ta ja ta. Na ce haba Hajiya wace irin mota ce za ta ja mutum, na fita ba takalmi ni ma na taɓa, ai kuwa na ji zirrr har gwiwar hannu. Nan take na kashe bireka na turken na zare wayar, muka ƙarasa kwanan da tagogi a buɗe, sauro ya yi biki.

Wani maƙwabci a sansanin ne ya kwatanta min shagon. Ga wanda bai sani ba Elkhart ita ce cibiyar ƙera motocin nan a Amurka, har gidan tarihi gare su na RV a can, daga Chicago tafiyar kamar awa 2 ce a kan babbar hanyar 80/90. To gari irin wannan masu gyara ba sa ƙirguwa, Allah ne dai ya haɗa ni da na kirki.

Na shiga shagon da ƙafar dama da kuma shawarar da na riga na yanke, na ce musu a cire min tsarin wuta na amfiya 30 ɗin nan na da, wato iya yawan wutar da motar ke iya ja, a sa min na 50 irin na sababbin motoci, don na kwana ina kallon bidiyo a YouTube na zama injiniya. Kuɗin ma na ware, kuma ba ƙananan kuɗi ba ne. Duk wanda ya san harkar gareji a ko'ina a duniya ya san in kwastoma ya zo da bakinsa yana neman aiki mai tsada ba a hana shi. Baba ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni AC nawa ne a rufin, na ce ɗaya. Injin wanki fa, na ce babu. Murhu, na ce na gas ne. Sai ya jawo takarda ya rubuta min lissafi: amfiya 30 sau folt 120 ya ba da wat 3,600, na 50 kuwa layi biyu ne masu wuta kowanne amfiya 50, jimla wat 12,000. Ya ce me za ka kunna a motar nan da zai ci wat 12,000, ko walda za ka buɗe? Ya ce in za a yi na 50 sai an canza akwatin bireka gaba ɗaya an raba layukan cikin mota biyu, ga wayarsa mai igiya huɗu nauyi kamar mesa, kullum ni zan riƙa naɗe ta, kuma duk wannan ba shi ne zai magance abin da ya ja matata ba. Ya ce bari mu fara ganin ciwon tukunna.

Abin da ya fi burge ni kenan, kuma shi ya sa nake wannan rubutun. Mutum ya ga kuɗi a tafin hannunsa ya ce a'a.

Da suka zaro wayar gaba ɗaya suka shimfiɗa a ƙasa sai kunya ta kama ni. Robar jikinta duk ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, shekara kusan 50 ai ta yi ƙoƙari, wannan ba laifin masu ƙera ta ba ne. Ta'asar wani ne da ya riƙe motar kafin ni, Allah ya yafe masa, ashe wayar ta taɓa tsinkewa sai ya yi mata jonin da siririyar wayar nan ruwan lemo da ake jan wuta zuwa lambu, ya naɗe da baƙin salatif ya tura jonin ciki inda ido ba ya gani. Baba ya nuna min kaurin biyun gefe da gefe, ya ce amfiya 30 waya mai lamba 10 take so, ita wannan ta lambu lamba 14 ce iyakarta amfiya 15. A lissafinsu na nan in lamba ta yi ƙasa waya ta fi kauri, saɓanin namu na gida da ake cewa 2.5 ko 4 ko 6 mm, lamba 10 ɗin nan ta ɗan ɗara 5 mm. To AC kaɗai yana jan amfiya goma sha wani abu, buta mai wat 1,500 ta ƙara 12 da rabi, ka ga siririyar waya ina za ta kai wannan kaya.

Sai kuma babban, koriyar wayar atin, wadda ke kwashe wuta in ta zurare don kar ta ja mutum, a wurin jonin ko haɗa ta bai yi ba, ya datse ta ya bar ta tana lilo. Sannan daidai inda wayar ke shiga jikin mota babu robar kariya, ƙarfe ya yi ta gugar ta shekara da shekaru har ya cinye rigar mai wutar, in an samu danshi sai wuta ta riƙa zurarewa cikin bodi. Da atin yana nan da wutar ta bi ta can ko bireka ta faɗi, tunda babu, mota kuma a kan tayar roba take, sai ta zauna tana jiran wanda zai taɓa ƙarfe ƙafarsa a jiƙe. Ya sa ɗaya daga cikin yaran ya jona tsohuwar wayar na ɗan lokaci kowa ya ja baya, ya ɗora mita tsakanin bamba da ƙasa ya nuna min da idona. Na tuna ƙaramar 'yata da ke wasa a matakalar ƙofar nan da yamma, jikina ya yi sanyi, ban iya cewa komai ba sai innalillahi.

Wani abu da ya kamata mutanenmu su riƙe, ni ma a nan na koya. A tsohon tsarin gida irin na Ingila ja shi ne laif baƙi kuma nutural, to a Amurka baƙi shi ne mai wutar, fari nutural, kore atin. Da na bi ra'ayina na sayo filogi na ɗaura da kaina kamar yadda na so yi da farko da juya su zan yi, ina ganin na iya. Haka kuma ya ja min kunne a kan soket, da na ce ina so a sa min wurin jonawa a gida. Ya ce filogin amfiya 30 na motocin nan sunansa TT-30, folt 120 ne kacal, amma yana kama da tsohon soket ɗin injin busar da kaya mai ƙafa uku wanda shi 240 ne, kuma masu wayarin gidaje da ba su saba da RV ba suna yin kuskuren ba shi 240, kana jonawa firji da caja da AC duk su tafi lokaci ɗaya. Har a takarda ya rubuta min abin da zan nuna wa mai wayarin.

Aikin da suka yi, sun cire tsohuwar wayar har tushenta. Maimakon wadda ake cusawa ta rami, wanda dama ta nan ɓeraye ke shiga da sanyi, sun toshe ramin sun sa min mashiga a jikin mota mai murfi, irin wadda ake sa waya a murɗa ta kulle sannan a ɗaure zobe, ruwa ba ya shiga. Sabuwar waya ƙafa 25 mai lamba 10, filoginta da mariƙi yadda ba sai ka yi kokawa da ita ba. Daga mashigar zuwa akwatin bireka ma sabuwa suka ja da robar kariya duk inda ta ratsa ƙarfe. A cikin akwatin sun tarar an haɗe fari da kore wuri ɗaya, suka raba, ya ce a mota ba a haɗa su, haɗin yana can wurin da wutar ta fito. Sun ɗaure duk sukurori da suka saki, ya ce girgizar hanya ke kwance su kuma sako-sakon haɗi shi ne uban zafi, sun canza babbar bireka, soket na banɗaki da na kicin kuma suka sa masu yanke wuta da kansu in ta zurare, GFCI suke ce musu. Kowane abu da suka cire sun zuba min a kwali na gani, ba wai an canza kaza alhali yana nan.

Abu ɗaya ne ya ce lallai in saya kuma bai ce sai a wurinsa ba, na'urar da ake fara jonawa a turke kafin mota, kusan aikin sitabilaiza ɗinmu sai dai ita ba ta ƙara wuta, dubawa take yi, in babu atin ko an juya waya ko wuta ta yi ƙasa sosai ko ta yi sama sai ta ƙi bari ta wuce. Na yi dariya na ce Baba ashe ku ma kuna da lo-karan, ya ce je ka tsohon sansani ranar hutun 4 ga Yuli kowa ya kunna AC ka gani, kuma shi ke kashe kwamfireson AC. Ya haɗa min da 'yar guntuwar adafta da suke ce wa ƙashin kare saboda siffarta, don in na je inda soket na 50 kaɗai ke akwai ko na 30 ɗin ya gaji ya yi lakwaf. Kuma ya sa na maimaita a gabansa kamar ɗan makarantar allo: kashe bireka na turke, jona, sannan ka kunna, in za ka zare ma kashe tukunna, don tartsatsin nan shi ke cin ƙafafun filogi. Kar kuma in bar waya a naɗe tana aiki.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba, sun ce min ƙarfe 3 zan karɓa sai da muka kai kusan 6, yara sun gaji sun fara rigima. Amma 'yar Baba Allah ya yi mata albarka, ta shigar da maman yara ofis inda akwai sanyi, ta kawo wa yara ruwa da fensiran kala, da lokacin la'asar ya yi na tambayi inda zan ɗan yi sallah ba wani kallon banza, ta buɗe min ɗakin ajiya ta kawar da kwalaye har tana tambaya ko wurin ya yi tsabta. Lattin ma dalilinsa sun tsaya gwaji ne, sun kunna AC da buta tare na tsawon lokaci suna auna zafin filogi da faɗuwar wuta, sannan Baba ya kira uwargida ya ce ta zo ta ga mita a jikin ƙofa da idonta, sifili. Duk da haka ta ce sai na fara taɓawa.

Da aka kawo takardar kuɗi komai a rubuce dalla-dalla, kaya daban aikin hannu daban, kuma bai kai rabin abin da na ware ba, awannin da suka ƙara ma ba su sa ba. Na so in ƙara wa yaran wani abu Baba ya ce in ba su kai tsaye shi ba ruwansa. Da muna sallama ya tambaye ni wai mene ne Baba ɗin nan da nake ta kiransa tun safe, na ce uba kenan a wurinmu, kuma haka muke kiran duk dattijon da muke ganin girmansa. Ya yi shiru kaɗan sannan ya ce to ya karɓa.

Baba, na gode, na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa zuri'a albarka, ya ƙara buɗi a shagon nan. Yaran shago ku ma sannunku da ƙoƙari. Tun daga lokacin mun yi tafiya 3, har gaɓar tafkin Michigan mun kwana, filogi ko ɗumi ba ya yi, sau ɗaya ma na'urar nan ta ƙi karɓar wutar wani turke muka nemi a canza mana wuri. Maman yara ta ce in gaya maka dambun naman da ta yi alkawari yana nan tafe, kuma in sha Allahu kafin dusar ƙanƙara ta fara zan kawo motar a duba tsohuwar cajar batirin nan da ka ce tana dafa min batir.

Naku,
wani ɗan uwa direban babbar mota daga Chicago