Abba, Shamuwa Ta Iso

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Ƙafar Innarka da sauƙi, har ta fara zagaya tsakar gida ba sanda. Takarda na zaɓa maimakon waya, domin idan na kira ka ba abin da nake ji sai "to Baba, to Baba" har kati ya ƙare, ban san ko maganar ta shige ka ba.

Kawunka ya dawo daga Kano ya ja ni gefe. Ya ce ka sayar da babur ɗinka, kana haɗa kuɗin mota zuwa Agadas. Ya kuma ce da ya ba ka haƙuri ya ce a ci gaba da addu'a, sai ka ce an daɗe ana yi, me aka gani. Ban faɗa wa Innarka ko ɗaya ba, kuma ba zan faɗa mata ba sai na ji daga bakinka.

Bari in fara ba ka labarin gida, tunda rabonka da ganin bazara a nan an jima. Ta bana ta gasa mu. Rijiyar bayan masallaci sai da aka ƙara wa guga igiya, awaki sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, dare kuwa kowa a waje yake shimfiɗa tabarma. Ni kaina akwai ranakun da nake idar da sallar asuba in zauna zuciyata a cushe, ina lissafin abin da ya rage a rumbu da bakunan da ke jiransa.

Shekaranjiya na fito zan kai taki gona, sai ga shamuwa a kan tsamiyar ƙofar gida. Biyu ne, ɗaya da tsinke a baki tana gyara tsohuwar sheƙarsu ta bara. Yara suka taru suna ihu, ba wanda ya ɗaga dutse, ka san ba a taɓa ta. Tsuntsuwar nan daga can kudancin Afirka take tasowa, ta iso mana sama fayau babu ko gajimare, ta hau gini abinta. Daga nan na fara lura da sauran abubuwa. Kukar bakin hanya, wadda ta yi wata da watanni tsirara, ta fito da 'yan ganye sabbi shar, alhali ko ɗigo bai sauka a gindinta ba. Iska ta juya, ta daina zuwa da ƙura daga arewa, yanzu daga kudu take busowa da laima, har gumi ya daina bushewa a jiki. Da magariba ana hango walƙiya can nesa a gabas. Mutane sun hau soraye suna yaɓe da gyaran indararo, masu ƙarfin hali har sun yi binnen gero. Na tsaya a gonar fadama da kwandon taki a hannu, wallahi Abba sai na ji nauyin da ke ƙirjina ya sauka. Ba abin da ya ƙaru a rumbu. Amma Wanda bai manta da lokacin tsuntsu da na itace ba, yaya za a yi Ya manta da mu?

Ka karanta wannan a allo tun kana ƙarami. A Suratu Shura, aya ta 28, Allah Ya ce Shi ne Yake saukar da ruwa bayan mutane sun yanke ƙauna, Ya kuma watsa rahamarsa. Bayan sun yanke ƙauna fa, Ya ce. A Suratu Rum, aya ta 50, Ya ce a dubi alamun rahamarsa, yadda Yake raya ƙasa bayan mutuwarta. Mu manoma ba ma buƙatar dogon tafsiri a nan, duk shekara a gabanmu ake yi. A farin 1984 kakanka ya yi shuka bayan shuka, duk ta ƙone, ya sayar da shanunsa a wulaƙance, aka fita sallar roƙon ruwa har da tsofaffi da jarirai. Ban taɓa jin ya ce me aka gani ba. Ya ɓoye iri a tukunya ya hana a taɓa, muna kwana da yunwa, da damina ta kewayo ya shuka. Gonar da ya ƙi rabuwa da ita a lokacin ita ce ta biya maka kuɗin makaranta.

Shi ya sa maganar da ka faɗa wa kawunka ta fi sayar da babur ƙona mini rai. Ka san abin da Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce wa 'ya'yansa game da irin mutanen da ke yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ba zan rubuta shi a nan ba, domin ban yarda ɗana yana cikinsu ba.

Sai hanyar da kake shirin bi. Abba, ita ce ke hana ni barci. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a sahara bayan Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasari mata da yara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Yawancinsu daga yankin Kance suke, nan tsallaken iyaka, mutanen da muke cuɗanya da 'yan'uwansu a kasuwar Mai'aduwa. Sauran masu bin hanyar da suka tsallake sahara suka shiga Libiya kuma, ka ji labarin gidan bashi, inda ake kulle yaro a kira iyayensa a waya suna jin kukansa ana duka har sai sun aika kuɗi. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon baƙar fata a can. Wayar nan nake tsoro. Ina kwance ina tunanin ta yi ƙara cikin dare in ji muryarka a haka, ko kuma kada ta taɓa yin ƙara har in mutu ban san inda ƙasusuwanka suke ba, ba wanka, ba likkafani, ba sallah. Kana ganin Innarka za ta rayu bayan wannan? Ka yi tunaninta kuwa kafin ka karɓi kuɗin babur?

Na san kana riƙe da ni a kan maganar sayar da gona a ba ka jari. Ban sayar da gonar ba, kuma ko yau ka sake tambaya amsar ɗaya ce. Gado ce, ƙannenka suna da haƙƙi a ciki, kuma ka ga abin da ya sami gidan baffanka bayan sun sayar da tasu. Ba ƙin ka nake yi ba. Ka gama karatu, ka yi bautar ƙasa, ka yi yawo da takardu ofis-ofis har takalminka ya cinye, duk na sani, kuma yana yi mini ciwo fiye da yadda nake nunawa. Ban taɓa jin kunyar cewa ɗana ɗan acaɓa ne ba. Halak kake nema.

Ga abin da nake so. Kada ka ba kowane direba ko ɗan kamasho ko sisi. Ka taho gida mu yi shukar bana tare, da kuɗin a aljihunka. Idan Allah Ya ba mu kaka mai kyau, wake da gyaɗar gonar tudu naka ne gaba ɗaya, ka haɗa da abin da ke hannunka ka kama sana'a, a nan ko a Kano, ba zan tsare ka ba. Kafin nan kada ka bar jam'i, ko da ranka a ɓace yake, musamman asuba.

Innarka ta ba direban da zai kawo maka wannan takarda ƙullin kuka da daddawa, ka duba ka karɓa. Ƙanwarka tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran littafin da ka yi mata alkawari. Ka kira ni daren Juma'a bayan isha, lokacin ina zaure ni kaɗai, ka faɗa mini ranar da za ka taso. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare mini kai.

Mahaifinka.