A daina sa mitin bayan Magariba in har ana son mata su hau manyan kujeru

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku kan mata da manyan muƙamai, an ta kiran sunan Amina Mohammed da ke mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, da Mai Shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta zama alƙaliyar alƙalan Najeriya a 2012. Wallahi muna alfahari da su, amma ban ji wanda ya tambayi wa ke riƙe da yara in uwa na can wajen mitin ba.

Ni mataimakiyar darakta ce a wata ma'aikata, 'ya'yana huɗu. Aikin bai taɓa gagarata ba, tsarin ne ke karya mu. Oga zai sa mitin bayan Magariba, wani lokacin ma a gidansa, a can ake yanke komai, ni kuma na tashi tun biyar na ɗauko yara daga Islamiyya na ɗora tukunya, sai da safe in tarar an raba kwamitoci babu sunana, in na yi magana a ce ai Hajiya ba ta da lokaci. Wa ya tambaye ni? Ranar da autata ta kwana asibiti ana mata ƙarin ruwa, fayil na kan cinyata ina gyara lissafin kasafi da fitilar waya, ƙarfe takwas na miƙa shi.

Maigidana Allah ya saka masa da alheri, shi ke kai yara makaranta in na yi tafiya, har taliya ya koya dafawa, amma abokansa sai tsokanarsa suke wai mijin-ta-ce, abin na min ciwo sosai.

Kaduna ta ba masu jego hutun wata 6 tun 2019, gwamnatin tarayya ma ta amince da kwana 14 ga iyaye maza a 2021, kenan in an so ana iyawa. Don Allah ku gayyato manyan sakatarori ku tambaye su me zai hana a yi mitin cikin lokacin aiki, a kuma ware ɗaki ɗaya a sakatariya, tabarma da fanka da mai reno, inda mai shayarwa za ta leƙa ɗanta ta koma tebur.

Taku,
wata ma'aikaciya daga Kano