Wasiƙa Zuwa ga Abokan Cinikinmu Kan Jinkirin Wasanmu na Fatake

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, na cikin birni da na waje, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, mun rubuto ne game da wasan intanet da muka ce za mu buɗe da Ƙaramar Sallah. Sallah ta zo ta wuce, wasa bai buɗu ba. Da yawanku kun sayi katin shiga tun ba ku ga komai ba sai 'yan hotuna, don haka haƙƙinku ne ku ji dalili daga bakinmu. Maganganu suna dawo mana. An ce mun cinye kuɗin jama'a. An ce dama babu wani wasa, hotunan ma a intanet muka tsinto. Wannan magana ta yi mana ciwo, domin mai faɗarta bai taɓa hawowa benen shagonmu bayan sallar isha'i ya ga yaranmu sun duƙufa a kan kwamfuta cikin zafi, an kashe fanka don a rage wa janareta nauyi ba.

Bari mu fara da kuɗi, tunda a nan zargin yake. Wasan da ɗaruruwan mutane za su shiga lokaci guda, kowa daga ɗakinsa, ba a cikin wayarka yake zaune ba. Akwai babbar kwamfuta, saba, wadda ke riƙe da garin gaba ɗaya. Ita ta san inda kowa yake tsaye, da abin da ke cikin jakarsa, da bashin da ake binsa. Ba a kashe ta dare da rana. A Turai muke hayarta, kuma da dala ake biya duk wata. Lokacin da muka yi lissafin farko, kafin watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 750 a wurin 'yan canji na Wapa. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kuɗin katin da kuka biya bai ƙaru da ko sisi ba, amma hayar saba ta ninka, haka kuma kuɗin manhajojin zane da na sauti, su ma da dala ne.

Sai mai. Kowa ya san abin da ya biyo bayan cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 kuma ta haura 1,000. A wannan watan ne dai Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, mu kuwa aikinmu ba ya yiwuwa da fitilar waya. Kafin nan, a Afrilun 2024, an ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wa wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit, kuma layinmu yana ciki. Ranar 14 ga Maris na shekarar ma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu, mu kuma gwajin da muka tara mutane dominsa ya watse. Ana cikin haka mai gidan da muke haya ya aiko dillali cewa ya ƙara kuɗi, kuma na shekara biyu yake so a dunƙule, in ba haka ba mu ba shi makullinsa. Ba mu zo ɓata sunan kowa ba, gidansa ne, shi ma yana da nasa lissafin. Amma ku auna da kanku: wace ƙaramar sana'a ce za ta sha duka irin wannan a jere ba ta rage gudu ba?

Wasu masu son mu da alheri sun ce mu saki abin da muke da shi, a riƙa gyarawa a hankali. Gaskiya ne akwai abin da za a iya saki gobe. Ganuwa tana tsaye, Dutsen Dala yana nan ana hawa a hango gari, mutum zai iya zaɓar kamanninsa da rigarsa, ya hau doki, ya yi faɗa da 'yan fashi a daji. Amma da mun saki wannan, da kun shiga kun ga kamar gidan bikin da aka kafa rumfa aka jera kujeru, babu makaɗi, babu mai rabon abinci. Hawan doki da sara da takobi akwai su a wasanni barkatai, na kamfanonin da suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba. Abin da ya sa kuka ba mu kuɗinku shi ne mun ce za ku shiga Kano ta zamanin fatake ku ji kun zo gida, kuma wannan jin yana cikin ƙananan abubuwa ne masu cin lokaci.

Ga misali. Ka isa gaban mai goro a Kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Idan ka tsallake gaisuwa ka ce masa nawa, zai dube ka sama da ƙasa, ya yanka maka kuɗi mai tsada, kuma ba zai sauko ba. Idan ka yi sallama, ka tambayi gajiya, ka tambayi kasuwa, sai ya gyara zama ya ce ka taya. Ka taya da wulaƙanci, ya ce albarka, ya juya ga na kusa da shi. Ka yi kamar za ka tafi, wata rana ya kira ka, wata rana ya bar ka ka yi ta tafiyarka. In ka saba saye a wurinsa sai ya fara yi maka gyara, ranar da ka dawo daga tafiya ba ka da ko wuri ɗaya kuma ya ba ka bashi, don ya san ka. Wannan mutum ɗaya ke nan. Dole a rubuta masa magana, a nemo mai muryar da ta dace, a ɗauka a ɗakin da ƙarar janareta ba ta shiga. Tsohuwa mai fura ba za ta yi magana irin tasa ba. Buzun da ya sauko da gishirin Bilma yana da tasa Hausar, Balaraben Dandalin Turawa yana da tasa. Idan duk suka yi magana da baki ɗaya, ɗan Kano zai gane tun daga rumfa ta biyu, ya rufe wayarsa.

Haka marina. Karofin Ƙofar Mata ana danganta kafuwarsa da shekarar 1498, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin garin nan ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Ba mu so rini ya zama danna maɓalli ɗaya zane ya fito shuɗi. A wasanmu marini zai haɗa baba da toka da katsi, ya jira rijiya ta nuna, ya tsoma zane ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, domin iskar ce ke fito da launin. Wanda ya yi gaggawa zanensa zai fito fari-fari, dillali ya raina shi. Daga nan a kai wa masu bugu. Ƙarar bugun da za ku ji ba ta kwamfuta ba ce, wurin masu sana'ar aka je aka ɗauko, da yadda mabugi biyu ke amsa wa juna. Zanen da ka rina da hannunka kuma wani ɗan wasa ne zai saya ya ɗaura, wata rana ka gan shi a jikinsa a zango.

Abin da ya fi ba mu wahala, kuma ya fi soyuwa gare mu, shi ne ayari. Ba mai zuwa Gwanja sayen goro shi kaɗai. Sai an sami madugu, a sami jagaba wanda ya san hanya da rijiyoyi, a sami masu jakuna da masu tsaro, kuma duk waɗannan mutane ne irinku, kowa da wayarsa. Ƙofofin gari ana rufe su in rana ta faɗi, kamar yadda ake yi a da. A wani gwaji da muka yi da 'yan kaɗan daga cikinku, wani ayari ya makara, Sarkin Ƙofa ya rufe, suka kwana a waje da kayansu. Mun ɗauka za su yi fushi su fita. Sai suka hura wuta suka zauna hira, wani ya ja tatsuniya, wani ya raba guzurinsa. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya a Fagge, ɗaya a Ɗorayi, ɗaya a Damagaram, yanzu suna gaisawa a waya. Sun fi tuna wannan daren a kan duk faɗan da suka yi a hanya.

Sannan ga maroƙi. A yawancin wasanni lamba ce ake rubutawa a saman kanka don a san girmanka. Mu maroƙi muka sa a bakin kasuwa, da kalangu a bayansa. In ka kai ayari lafiya ka dawo, zai yi maka kirari da abin da ka aikata, jama'a suna ji. In ka gudu ka bar abokin tafiya a hannun 'yan fashi, habaici zai bi ka har rumfar mahauta. Wannan ɓangaren bai gamu ba tukuna, domin kirari ba a haɗa shi da ka, sai an zauna da waɗanda suka gaje shi.

Kada a ce mu ne muka fara wannan tunani. Wasan RuneScape na Ingila ya fito a 2001, zanensa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma waɗanda suka taso da shi suna tuna zaman kamun kifi da saran itace ana hira da baƙi. Da kamfanin ya yi ta sauye-sauye, sai da ya dawo musu da tsohon salon 2007 a shekarar 2013, bayan sun kaɗa ƙuri'a. Final Fantasy XIV na Japan kuwa an sake shi a 2010 bai nuna ba, jama'a suka ƙi shi, aka rufe a 2012, aka sake gini aka buɗe a 2013. Su suna da aljihun da za su rushe su sake. Mu dama ɗaya gare mu. In kuka shiga ranar farko kuka ga kango, ba za ku dawo ba, kuma ba za mu ga laifinku ba.

Game da abin da muke yi yanzu, ba a zaune muke ba. Muna tattaunawa da wasu mutane kan batun jari, ba za mu ambaci suna ba sai magana ta tabbata. Muna duba batun sola, muna kuma neman hanyar da za a sassauta hayar saba. Maganar gida ma an sa manya a ciki. Akwai matakan da muka ɗauka a cikin gida waɗanda ba sai an baza su a fili ba. Rana za mu sanar da ita da zarar abubuwa sun daidaita, in sha Allahu ba da nisa ba.

Godiya kuwa ba mu san ta inda za mu fara ba. Hajiya malamar makaranta da ke kawo 'ya'yanta duk Asabar tun muna da talabijin biyu da benci ɗaya ana buga ƙwallo, babban ɗanta yanzu yana karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero, shi ne ma ke kamo mana kurakuran wasan kyauta. Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Alhajinmu na Kantin Kwari da ya saya wa yaran shagonsa kati su duka, bai taɓa kira ya tambayi ina aka kwana ba, shirunsa ya fi mana nauyi a kan surutun masu zagi. Ɗan'uwanmu na Kasuwar Beirut da ke gyara mana na'ura ya ce a kawo kuɗi in an samu. Baba mai shayi na ƙasan bene, wanda ke ajiye wa yaranmu burodi in dare ya yi, kuma muryarsa ce za ku ji a bakin mai goro. Baba, mun gode. Abokanmu na Sabon Gari da suka sayi kati suka ce da wasan za su ƙara gyara Hausarsu, da 'yan'uwa na Maraɗi da zangon Kumasi da suka turo kuɗi ba su taɓa ganin fuskarmu ba, duk muna riƙe da sunayenku a littafi.

Mun ga wasunku sun daina leƙowa shago, mun ga an fice daga zaurenmu na WhatsApp ba sallama. Ba mu riƙe kowa a zuci ba, kuɗi ya yi wuya, kowa da buƙatarsa. Amma shekarun da muka yi a unguwar nan ba a taɓa kai mu gaban mai unguwa kan kuɗin wani ba, kuma ba a kan wannan wasa za a fara ba. Duk mai son kuɗinsa ya zo da rasitinsa, za mu zauna mu tsara yadda za a mayar masa. Roƙonmu ɗaya ne: kafin ya karɓa, ya zauna gaban kwamfuta mu buɗe masa Kurmi, ya gaisa da mai goro ya taya. Shago yana buɗe kullum daga hantsi zuwa bayan isha'i, ban da lokacin sallar Juma'a.

Allah ya bar zumunci, ya yi wa kasuwarku albarka.

Naku,
Mai shago da dukkan ma'aikata,
Titin Gidan Zoo, Kano.