Zuwa ga aminina a Fatakwal, kan maganar nauyin jikinka

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara, da kuma harkar kasuwa. Mu nan Zariya lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Na ga saƙonka. Ka ce ka hau sikeli a kyamis ya nuna kilo 85, maƙwabtan shagonka na ta cewa "Alhaji, hutu ya zo," kai kuma hawa bene ya fara sa ka haki. Ka tambaye ni, tunda aikin jinya nake yi, ko nauyin ya yi yawa. Na ji daɗi da ka tambaya, domin rabon da in ga fuskarka ta cika kamar a hoton Sallah na manta, sai dai na rasa ta inda zan fara yi maka maganar.

Kilo shi kaɗai ba ya faɗin komai. Kilo 85 a jikin dogo daban ne da kilo 85 a jikin gajere. Shi ya sa a asibiti muke haɗa nauyi da tsayi, mu fitar da lambar da ake kira BMI. Lissafin ba wuya: ka auna tsayinka da mita, ka ninka shi da kansa, sai ka raba nauyinka da abin da ya fito. In ban manta ba tsayinmu ɗaya, mita 1.70. To 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89. Raba 85 da 2.89, za ka samu 29.4.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da likita zai ɗauka a matsayin matsala. Ka ga kana bakin ƙofa. Mai tsayinmu, iyakarsa wajen kilo 72. Kuma kada ka ce ai da saura kafin 30. A Birtaniya, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta sauko da iyakar ga baƙar fata 'yan asalin Afirka da mutanen Asiya, ta mayar da 25 zuwa 23, 30 kuma zuwa 27.5, saboda ciwon sukari na kama mu tun nauyi bai kai na Turawa ba. A wannan ma'aunin ka riga ka tsallaka.

Amma ba zan ɓoye maka ba, lissafin yana da rauni. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da shi wajen 1830, kuma jama'a yake aunawa a dunƙule, ba mara lafiya ɗaya ba. Sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da muka sani yau. Lissafin bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ɗan dako da ke sauke buhuna a kasuwa zai iya kai 27 alhali ba teɓa ko kaɗan a jikinsa. Ba a amfani da shi ga mai juna biyu, yara kuma nasu jadawalin daban ne. Sai dai kai, aminina, daga safe har magariba a kan kujera kake, ba dako kake yi ba.

Don haka ka ari tef ɗin tela ka auna ƙugu. Ka cire babbar riga, ka tsaya tsaye, ka zagaya tef ɗin ɗan sama da cibiya, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, ka fitar da numfashi yadda ka saba, ban da tsuke ciki. Ga namiji, in ya wuce santimita 94 haɗari ya fara, in ya kai 102 ya yi tsanani. Ga mata 80 ne da 88, ka faɗa wa Hajiya. Hanya mafi sauƙi ita ce kada ƙugunka ya kai rabin tsayinka, wato santimita 85 a wurinka. Wannan awon ya fi damuna, domin kitsen tumbi shi ne ke naɗe hanta da hanji, shi ke jawo sukari da hawan jini. Su biyun kuma ba sa sallama. Nakan ga magidanci ya shigo da ƙafarsa don ciwon kai kawai, a ɗaura masa abin awon jini a hannu, a ga lambar da za ta sa a hana shi komawa gida a ranar.

Ban ce ka zubar da kilo 13 a wata ɗaya ba, kuma don Allah ka rabu da shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Facebook. Ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ka sauke, wato kilo 4 zuwa 8, jini da sukari kan nuna sauƙi. Fara da lemon kwalbar da kake korawa da shi bayan kowane abinci, da sukarin shayin safe. Malmalar tuwon dare ta koma ɗaya, miya da ganye su yi yawa. Bayan Asuba ka taka na rabin awa kafin ka buɗe shago.

Cikin makon nan ka je asibiti a auna maka jini da sukari, ka je da safe kafin ka karya. Ka turo mini abin da aka samu tare da awon ƙugun, mu duba tare.

Ka gaida Hajiya da yara, da duk mutanenmu na nan.

Naka amini,
daga Zariya