Gandun Dajin Gwamnati Ba Lambun Shaƙatawa Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan masu ɗaukar iyali ko abokai su shiga gandun daji na gwamnati su kafa tanti, su yi tattaki, su ci abinci a inuwar bishiyoyi. Ni ma ina cikin masu sha'awar wannan abu, amma na lura da yawa daga cikinmu ba mu san irin wurin da muke shiga ba.

Gandun daji ya sha bamban da wuraren da aka keɓe domin kare halittu da shaƙatawar jama'a, irin Yellowstone da Amurka ta kafa a 1872. Shi gandu wurin aiki ne, ana sarar katako a cikinsa, ana dasa sababbin itatuwa, a wasu ma ana farauta da lasisi. A jihar New South Wales ta Ostareliya, inda gandayen gwamnati suka kai kimanin hekta miliyan 2, mutum yana iya kwana kyauta a mafi yawansu, har ya tafi da karensa. Sassaucin yana da daɗi, sai dai ma'anarsa ita ce baƙo zai haɗa hanya da manyan motocin da ke jigilar gumagumai, sau da yawa ba zai sami famfo ko kwandon shara ba, wayarsa za ta iya rasa sabis, kuma yana iya kwana uku bai ga malamin daji ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Hukumar da ke kula da wuraren shaƙatawa na tarayya a Amurka ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na gobarar daji a ƙasar mutane ne ke haddasa ta, kuma wutar da masu zango suka bari ba a kashe ba tana cikin dalilan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a watsa ƙasa a kan murhu, a ga hayaƙi ya ɗauke, a ɗauka magana ta ƙare. Ƙasa rufe garwashi take yi, ba kashe shi ba, rushin yana nan da ransa har wayewar gari, iska kaɗan ta isa ta tone shi bayan masu wutar sun daɗe da kama hanya. Yadda ake yi shi ne a kwarara ruwa, a motsa tokar da sanda, a sake kwarara wani, sannan a kusantar da bayan hannu a ji ko da sauran ɗumi. Idan da ɗumi, tafiya ba ta yi ba tukuna. A ranakun da zafi da iska suka tsananta kuwa, hukumomin Ostareliya sukan hana hura wutar itace ko gawayi a fili baki ɗaya, kuma duk wanda ya ga ɓarnar gobarar 2019 zuwa 2020 ba zai kira wannan doka takurawa ba.

Akwai kuma batun itacen da za a ƙona, wanda mutane kan raina. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro ɗan asalin Asiya a kusa da birnin Detroit, wanda tsutsarsa ke cin ƙarƙashin ɓawon bishiya, kuma ya kashe miliyoyin itatuwa a Arewacin Amurka. Ƙwaron ba ya yin nisa sosai da fukafukansa, masu zango suna cikin waɗanda suka riƙa kai shi sababbin dazuzzuka a cikin itacen da suka ɗauro a bayan mota. Shi ya sa jihar New York ta hana ɗaukar itacen da ba a gasa shi don kashe ƙwari ba fiye da mil 50 daga inda aka saro shi. A ganina wannan doka ta dace da kowane daji.

Inda babu banɗaki, ƙa'idar ita ce a yi nisan mita 60 daga ruwa, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a binne. Shara kuwa, wanda ya shigo da ita shi zai fita da ita.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk lokacin da za a buga hotunan irin waɗannan wurare a shafin yawon buɗe ido, a haɗa da sunan hukumar da ke kula da gandun, da watannin da ake hana hura wuta, da hanyoyin da aka rufe saboda aikin katako, a kuma tuna wa mai tafiya ya sanar da wani na gida inda ya nufa da ranar da zai dawo.

Na gode.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum